Daga Masana'anta Zuwa Nasarawar Burkullu: Tarihin Cinikin Mota Da Masu Tsayawa Tsakani



Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta taso daga Anka ta nufi Daki Takwas da Gummi, ran da kasuwar Nasarawar Burkullu take ci, zai ga abin hawa iri-iri: manyan motocin ɗaukar shanu, da a-kori-kura shaƙe da buhunan gero da dawa, da ƙananan motoci waɗanda suka sha duniya, da babura ba adadi. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka ƙera a garin, ko a Gusau, ko a Sakkwato. Kowanne ya ratso hannuwa da yawa kafin ya iso, kowane hannu kuwa ya ɗauki wani nauyi, ya kuma ci wani rabo.

Akan ba da tarihin mota kamar tarihin maƙera ne kaɗai, watau wane ya ƙago inji, wane ya kafa masana'anta. Amma ƙera abu daban, kai shi hannun mai bukata daban. Wannan lacca za ta bi sawun mutanen da ke tsakanin maƙeri da mai hawa, tun daga Turai da Amurka inda sana'ar ta tsiro, har zuwa yammacin ƙasar Zamfara. Tambayoyin da za a riƙe guda uku ne: wa ke fitar da kuɗi, wa ke kawo motar, wa kuma ke tsaya mata ran da ta lalace.

Dillali da dila

Tun kafin zuwan Turawa kasuwar ƙasar Hausa ta san mai tsayawa tsakanin mai kaya da mai saye. Sunansa dillali, kalmar da aka aro daga Larabci tun da daɗewa. Mai doki ko mai sa yakan damƙa masa dabba, shi kuwa ya nemo mai saye, ya daidaita tsakani, in an sallama ya karɓi la'ada. Abin lura shi ne dillali ba shi da ko anini a cikin kayan. In ciniki bai faɗa ba, doki ya koma gidan ubangijinsa, dillali bai yi hasarar kome ba sai yawun bakinsa. Jarinsa amana ce da sanin mutane, domin shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi kuma za a nema in magana ta taso.

Da mota ta zo, sai ta zo da wani mai tsayawa tsakani wanda Hausa ba ta da sunansa, har aka aro kalmar Ingilishi aka ce dila, jam'i diloli. Kalmar ta tarar da takwarorinta biyu: dila na dawa, wanda tatsuniya ta shaida da wayo, da dila ta yadi ko ta gwanjo. Masu barkwanci sukan ce ba banza sunan ya zo ɗaya da na farkon ba. To, amma bambancin da ke da muhimmanci shi ne wanda ke tsakanin dila da dillali. Dila saye yake yi da kuɗinsa, ya ajiye, ya jira mai bukata. In mota ta kwana wata shida a shagonsa, hasarar tasa ce, ba ta masana'anta ba. Wannan bambanci shi ne mabuɗin dukkan tarihin da ke tafe.

Mafarin al'amari a Turai da Amurka

A shekarar 1886 wani Bajamushe mai suna Karl Benz ya sami takardar mallakar fasaha a kan wata 'yar mota mai ƙafa uku da ya ƙera a garin Mannheim. Ƙira ta yi, amma masu saye ba su zo ba. A watan Agusta na 1888 matarsa Bertha ta ɗauki motar tare da 'ya'yansu biyu, ba da sanin mijin ba, ta yi tafiyar wajen kilomita 100 zuwa garin mahaifiyarta. A hanya mai ya ƙare, ta saya a kantin magani. Sarƙa ta sami matsala, maƙeri ya gyara. Birki ya cinye, baduku ya liƙa masa fata. Wannan tafiya ta nuna tun ran farko cewa mota ba ta rayuwa ita kaɗai, sai da mutane a bakin hanya. A wannan shekara ce kuma wani Bafaranshe, Émile Roger, ya fara sayar da motocin Benz a birnin Faris, har aka wayi gari Faransa ta zama babbar kasuwarsu ta farko.

A Amurka ma waɗanda suka fara sayar da mota ba mutanen mota ba ne. Masu kantin kekuna ne, da masu sayar da keken doki, da maƙera, da masu sayar da kayan noma. Dalili kuwa, su ne ke da rumfar ajiya, su suka san ƙarfe, su kuma mutanen gari suka sani. Masu masana'anta sun gwada sayarwa da kansu, ta hanyar wasiƙa ko ta buɗe rassa, amma suka ga abin ya fi ƙarfinsu, musamman saboda rashin jari.

Misalin Henry Ford ya isa ya bayyana wannan. An kafa kamfaninsa a birnin Detroit a 1903 da tsabar kuɗi dala 28,000 kacal. Kafin a sayar da motar farko, wadda wani likitan haƙori na birnin Shikago ya saya a watan Yuli na wannan shekara, abin da ya rage a banki bai kai dala 300 ba. Yaya kamfani mai irin wannan aljihu zai ƙera dubban motoci? Dabarar da aka bi, wadda ma'ajin kamfanin James Couzens ya tsaurara, ita ce a karɓi kayan ƙira bashi daga masu yin su, a kan a biya bayan wata ɗaya ko fiye, sa'an nan a sayar wa diloli mota lakadan. Dila yakan ba da kafin alƙalami lokacin da ya yi oda. In an ɗora motoci a jirgin ƙasa, sai a aika da takardar kayan zuwa bankin garinsa, ba kuwa za a damƙa masa takardar ba sai ya biya sauran kuɗin; in babu takarda, tashar jirgi ba za ta sake masa kaya ba. Ta haka kuɗin dila kan iso Detroit kafin wa'adin masu bin bashi ya cika. Watau ke nan, da jarin diloli aka gina masana'antar.

A kan wannan aka ɗora musu sharuɗɗa. Akan yanka wa kowane dila yankinsa, a yanka masa farashin da zai sayar, a tilasta masa ajiye kayan gyara da makaniki, ya kuma koya wa mai saye tuƙi, domin yawancin masu saye ba su taɓa riƙe sitiyari ba. Da aka fito da mota samfurin Model T a 1908 a kan dala 850, wannan tsari ne ya kai ta ƙauyuka. Kafin Yaƙin Duniya na Farko dilolin Ford sun kai wajen 7,000, kafin a daina ƙera ta a 1927 kuwa an yi fiye da miliyan 15, farashinta ya sauko ƙasa da dala 300.

Wajen isarwa ma an koyi darasi. Haɗaɗɗiyar mota tana cin wuri a tarago, rabin abin da ake biya wa kuɗin jirgi iska ce. Saboda haka aka koma aika ta a warwatse, inji daban, ƙafafu daban, a haɗa a wasu rassa kusa da kasuwa. An buɗe irin wannan reshe har a Manchester ta Ingila a 1911. Ya kamata a riƙe wannan dabara, domin za a sake gamuwa da ita a Kaduna, har ma a rumfunan masu haɗa babur.

Tsarin yana da ɗacinsa. A ƙarshen 1920 kasuwa ta faɗi a Amurka, ga shi ana bin Ford bashi mai yawa, wanda ya ci don ya saye hannun jarin abokan tarayyarsa a 1919. Maimakon ya miƙa wuya ga bankunan New York, sai ya ƙera dubun-dubatar motoci ya aika wa diloli ba tare da sun nema ba, a kan ko su biya lakadan ko su rasa wakilci. Diloli suka ruga bankunan garuruwansu suka ci bashi, Ford ya fita kunya, nauyi ya koma kan ƙananan mutane. Abokin gasarsa, kamfanin General Motors, ya bi wata hanya: a 1919 ya kafa reshe na ba da lamuni ga diloli da masu saye, a riƙa biya wata-wata, ya kuma yarda mutum ya kawo tsohuwar mota ya yi ciko ya ɗauki sabuwa. Kafin shekarun 1920 su ƙare, sayen mota bashi ya zama al'ada, Ford da kansa ya bi sahu a 1928.

Shigowar mota Nijeriya

Mota ta sauka Ikko a farkon ƙarni na 20, aka kuma yi hanyar mota daga Badun zuwa Oyo a 1906. Manyan motocin Ingila na farko sun yi wa hanyoyin jar ƙasa nauyi, suna farfasa su, su ma suna farfashewa. Motar Ford mai sauƙin nauyi da araha ita ce ta buɗe ƙasar. Abin sha'awa kuwa, wanda ya yi fice wajen shigo da ita ba Bature ba ne. Wani mutumin Ikko ne, William Akinola Dawodu, wanda ya fara da shagon gyara da sayar da kekuna, daidai yadda takwarorinsa na Amurka suka fara, ya kuma riƙe wakilcin Ford a shekarun 1910. Daga baya wakilcin ya koma hannun kamfanin J. Allen, wanda shi kuma ya shiga ƙarƙashin John Holt, wanda Hausawa ke kira Janhol.

Wannan sauyi yana da dalili. Sharaɗin biya lakadan, wanda dilan Amurka ke cikawa da taimakon bankin garinsu, ya fi tsanani ga wanda kayansa za su yi makonni a teku, bankunan ƙasar kuma na Turawa ne, ba su cika ba 'yan ƙasa lamuni ba. Saboda haka wakilcin motoci ya taru a hannun manyan kamfanonin ciniki, waɗanda ke sayen gyaɗa da auduga da fatu, su sayar da yadi da gishiri da kananzir. Kamfanin UAC, wanda aka kafa a 1929 bayan haɗewar Kamfanin Neja da wani babban kamfani, ya riƙe Bedford da Chevrolet. Da tafiya ta yi tafiya SCOA ta Faransawa ta riƙe Peugeot, Leventis ya riƙe Mercedes-Benz, Mandilas ya riƙe Volkswagen, BEWAC ya riƙe Land Rover, R.T. Briscoe ya riƙe Toyota. Bakin Bahaushe ya sarrafa sunayen, suka zama fijo da marsandi da landiroba.

A Arewa jirgin ƙasa ne ya kawo mota. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekara mai biye. Masu sayen farko sarakuna ne da baitulmalin En'e da kamfanoni. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan da suka fara mallakar mota. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta ɗauki mota a matsayin kishiyar jirgi ba, sai dai baiwarsa: aikinta ta kwaso amfanin gona ta kai tasha. Har ma a shekarun 1930 an tsananta kuɗin lasin a kan motocin da ke bin hanyoyin da suka yi kafaɗa da dogo, don kada su ƙwace masa kaya.

Gusau da hanyar Anka

Ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, wadda Gulbin Zamfara da Gulbin Ka suka ratsa, gundumomi ne na En'en Sakkwato a wancan zamani, ƙarƙashin Sarkin Zamfara da Sarkin Mafara da Sarkin Danko. Abin da ya juya fuskar cinikinta gabas shi ne reshen dogo da aka ja daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Nan da nan Gusau ta cika da kantunan Turawa da na Kwarori, ga kuma injin gurzar auduga. Duk buhun gyaɗa da ƙunshin audugar da aka noma a yamma, Gusau ya nufa, da fari a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a cikin lori. Jakin bai sauka daga wannan aiki da wuri ba, domin hanyoyin na rani ne. Da damina ta sauka gulabe sun kawo, sai mota ta haƙura.

A nan ne aka ga yadda cinikin mota ya sarƙu da cinikin gyaɗa. Kamfanin da ke sayar da lori shi ne ke sayen abin da lorin zai ɗauko. Saboda haka ya fi son ya sayar wa ejan ɗinsa, watau attajirin da ke saya masa amfanin gona a ƙauyuka, domin ya san shi, ya san samunsa, in ya ƙi biya kuma akwai inda za a kama shi. Manyan attajiran Kano irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da ɗansa Alhaji Sanusi, wanda ya tara motocin sufuri masu yawa, ta ƙofar cinikin gyaɗa suka yi ƙarfi.

A ɗauki misalin attajirin Nasarawar Burkullu ko na Gummi wanda ya ƙudura sayen lori a shekarun 1950. Da fari sai ya tafi Gusau, ko ma Kano, ya nemi wanda Baturen kanti ya sani ya tsaya masa. Ga dillali da fatoma sun dawo ta bayan gida ke nan, domin dila ba ya sayar wa baƙon ido bashi. Sai ya ba da kafin alƙalami, ya sa hannu a takardar da ba da harshensa aka rubuta ba, ya koma gida ya jira jirgin ruwa ya iso Apapa, jirgin ƙasa ya hauro. Abin da za a sauke masa kuwa ba cikakkiyar mota ba ce, inji ne da ƙafafu da sitiyari. Kafinta ne zai yi mata bodin katako, mai fenti ya rubuta mata karin magana ko addu'a a goshi. Sa'an nan ya nemi direba, wanda a farkon zamani sau da yawa mutumin Kudu ne, da karen mota mai sa waigi da ɗaure kaya.

Takardar da ya sa wa hannu, a shari'ar Turawa, ta haya ce. Motar ba tasa ba ce sai ya biya kashin ƙarshe. In ya gaza ko da saura kaɗan, kamfani na iya ɗauke abinsa, abin da aka biya a baya ya zama kuɗin haya. To, ga inda gizo ke saƙar: hanya takan rufe da damina, amma biyan wata-wata ba ya rufewa. In kuma sifirin ya karye tsakanin Anka da Nasarawa ana tsakiyar kakar gyaɗa, sai karen mota ya kama hanyar Gusau, in babu a can ya hau jirgi zuwa Kano, mota na kwance a daji kwana da kwanaki. Mai lori a Kano da mai lori a Gummi farashi ɗaya aka yanka musu a takarda, amma na Gummi ya fi biya, domin nisansa da shagon dila haraji ne da ba a rubuta ba.

Koke-koken masu sufuri a kan ƙwace motoci suna cikin abin da ya sa aka yi dokar sayen kaya ta hanyar haya a 1965, wadda ta fara aiki a 1968. Dokar ta ce in mai saye ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, ba za a ƙwace ta ba sai ta hanyar kotu.

Zamanin fijo da ma'aikata

Shekarun 1970 sun sauya kome. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. A shekarar ce kuma aka yi dokar mayar da wasu sana'o'i hannun 'yan ƙasa, aka ƙarfafa ta a 1977, ƙofar dilanci ta buɗe wa attajiran gida. Kuɗin man fetur ya hau daga 1973, aka biya ma'aikata ariyas na Udoji a farkon 1975. A wannan shekara Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, aka kuma buɗe ta Volkswagen a Ikko. Daga baya aka kafa na manyan motoci a Bauchi da Kano da Badun da Inugu.

Masana'antar Kaduna tsohuwar dabarar Ford ce a sabuwar riga, watau a kawo mota a warwatse a haɗa kusa da kasuwa. Sai dai tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe a lokacin, saboda haka aka riƙa ɗauko kayan ta jirgin sama daga birnin Lyon na Faransa zuwa Kano, a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. A farkon shekarun 1980 masana'antar na fitar da fiye da mota 50,000 a shekara. Gwamnatin soja ta mai da 504 motar hukuma, ma'aikaci kuwa da ya kai wani mataki ana ba shi bashin mota a riƙa cirewa a albashi. Watau gwamnati ta ɗauki aikin da reshen lamuni na General Motors ya yi a Amurka.

Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, Anka da Gummi suka zama hedkwata a sabuwar Jihar Sakkwato, aka turo ma'aikata, fijo ta zama abar gani kullum a hanyar Nasarawa. Ta karɓu ne saboda dalili ɗaya: duk inda ta tsaya akwai wanda ya san cikinta, kayanta kuma suna kowace kasuwa. Yaran da suka koyi aiki a garejin kamfanoni sun fita sun kafa nasu a gindin bishiya, suka koya wa wasu. Nauyi na uku, watau gyara, wanda a asali na dila ne, sai ya koma hannun makanikin bakin hanya.

Amma wannan zamani ya haifi wani irin dila. Gwamnati ta ƙayyade farashin motoci da kayan gyaransu, ga masu bukata sun fi motocin yawa. Sai takardar rabo ta zama haja. Wanda ke da hanya ya sami takardar mota goma a farashin hukuma, ya sayar da takardar tun motar ba ta fito ba. Ba shi da rumfa, ba shi da makaniki, shagonsa jakar hannunsa ce. Bai ɗauki nauyin dila ba, bai kuma riƙe amanar dillali ba, ya dai ci rabon duka biyun. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kwatano da babur

Da kuɗin mai ya faɗi, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar Naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Masana'antun haɗa motoci suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Gurbinsu sai tsofaffin motocin Turai suka cike, waɗanda ake lodi a tashoshin ruwa irin su Antwerp ta Beljiyam, a sauke a Kwatano, a rubuta cewa Nijar za su, a hauro da su ta Gaya, sa'an nan su shigo ta iyakokin Kamba da Illela da Jibiya. Daga nan sunan 'yar Kwatano ya samo asali. Hanyar mota zuwa Gummi ta juya: maimakon ta fito daga gabas ta Gusau kaɗai, sai ga ta tana fitowa daga Sakkwato ta Kajiji. A watan Janairu na 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka kuma rufe iyakokin daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020.

A wannan ciniki babu masana'anta a bayan mai sayarwa, babu garanti. Abin da mai saye ya dogara da shi shi ne mutumin da ya sani, wanda zai duba inji, ya duba takardun kwastan, ya shaida motar ba ta sata ba ce, ya karɓi la'adarsa. Bayan shekara ɗari, cinikin mota ya koma kan ƙa'idar kasuwar dawaki.

Abin hawan da ya gaji matsayin Model T a ƙauyukan Zamfara kuwa babur ne, na Sin da na Indiya, wanda ya yawaita tun daga shekarun 2000. A kwali yake zuwa, dila ya saya lakadan daga Kano ko Ikko, yara su haɗa shi a ƙofar shago, kayansa kuma suna kowace kasuwar ƙauye. Nauyin nan uku sun sake haɗuwa a wuri guda kusa da mai saye, shi ya sa ya kai inda lori bai taɓa kaiwa ba. Wannan sauƙi kuwa bai zaɓi hannu ba: babur ɗin da ke kai mai naƙuda asibiti shi 'yan bindiga suka hau, har a 2021 gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci, ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, mai tsayawa tsakani ba kaska ba ne a kan ciniki matuƙar yana ɗauke da nauyinsa. Inda ya zuba jarinsa, ya kawo kaya, ya tsaya wa gyara, mota takan yi tsawon rai ko da hanya ba ta da kyau. Inda aka raba riba da nauyi, wanda ke ƙarshen hanya shi ke biya, ƙarshen hanya kuwa shi ne irin su Nasarawar Burkullu.

Ga ma'aikatan da ke sa hannu a takardun sayen motar asibiti ko tarakta ko motar makaranta da kuɗin jama'a, darasin a fili yake. Harabar ofisoshi da yawa ta ga motocin da aka ɗora a kan duwatsu tun fentinsu bai dushe ba, don an tambayi farashi ba a tambayi sauran ba. Kafin a sa hannu ya kamata a san wane ne mai kawowa, ina rumfarsa, ina makanikinsa, kwana nawa kuma kayan gyara za su yi kafin su iso Bukkuyum. Araha ba ta ado.

Ga ɗalibai kuwa, akwai aiki a gaba. Rabin wannan tarihi yana cikin takardun kamfanoni da na En'e, ɗaya rabin yana bakin tsofaffin direbobi da makanikai da 'yan kamasho na tashoshin Gusau da Anka da Gummi, tare da kalmomin sana'arsu da sunayen da suka laƙaba wa motoci. Takarda tana iya jira, amma tsoho ba ya jira. Wanda ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna da su zai yi wa harshe da tarihi hidima a lokaci guda.